Kada a raba mana benci

 

Mu da muka haɗu muka rubuta wannan, 'yan'uwanku ne Kirista mazauna Minna, kuma masu son ƙwallo. A cikinmu akwai mai walda, akwai malamin firamare, akwai direban Keke Napep, akwai wanda ke jagorantar mawaƙa a majami'arsu. Wasunmu 'yan Tunga ne, wasu Bosso, wasu Maitumbi da Kpakungu. A Turai kanmu a rabe yake: akwai 'yan Arsenal, akwai 'yan Chelsea, akwai 'yan Manchester United waɗanda muke sa su a addu'a kowane mako. A gida kuwa bakinmu ɗaya, Niger Tornadoes. Ba mu saba rubutu ba, mun fi sabawa da gardama a kan benci. Amma wata magana ta taso wadda gardamar benci ba za ta kashe ta ba.

Kwanakin baya, a wani zaman iyaye da aka yi bayan sujadar Lahadi, aka kawo shawara cewa a yi karo-karo a sayi babban talabijin da dikoda da sola, a kafa a harabar majami'a, domin matasanmu su daina zuwa gidajen kallo na unguwa. Aka ce yaranmu su yi kallonsu a cikin 'yan'uwansu, su bar cuɗanya da waɗanda ba a san halinsu ba. Shawarar ta sha tafi. Wani ma ya tashi ya ce wannan sassauci ne, kamata ya yi a hana kallon gaba ɗaya, domin ƙwallo gunki ce da Shaiɗan ya kafa wa matasan zamani. Mun ɗaga hannu, aka ba mu minti biyu, lokaci ya ƙure. Daga baya muka ji cewa ba a majami'armu kaɗai ake wannan magana ba. Abokanmu Musulmi kuma suka shaida mana cewa su ma akwai masu yi musu irin wannan huɗuba a nasu ɓangaren. Shi ya sa muka kawo zancen nan, inda kowa zai gani.

Waɗanda suka kawo shawarar iyayenmu ne. Mun san ƙauna ce da tsoro suka sa su, ba mugunta ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma za mu faɗa ba tare da kwana-kwana ba: wannan shawara kuskure ce, kuma idan aka bi ta, abin da ake gudu shi za a jawo.

Bari mu fara da gaya wa iyayenmu abin da ke faruwa a gidan kallo, domin da yawansu ba su taɓa leƙawa ba. Rumfar kwano ce da bencina, da talabijin biyu ko uku, da janareta a baya yana ta ƙara. Zafin Minna na watan Maris ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, guminka na zuba a kafaɗar na kusa da kai, nasa na zuba a taka. Ka biya kuɗin shiga, ka matsa, a matsa maka. Na hagunka Bagwari ne, na damanka Banufe, na gabanka ɗan kabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, mai gidan kallon kuma Bahaushe. Idan aka kira sallar magariba ana tsakiyar wasa, abokanmu sukan fita, mu ne ke ɗora hula ko gorar ruwa a wurinsu kada wani ya zauna. Da sun dawo, tambayarsu ɗaya ce: an ci? A watan azumi mun sha karɓar dabino daga hannunsu, kuma mun koyi kada mu sha ruwa a gabansu kafin a sha ruwa. Ranar 26 ga Disamba, da ake buga wasannin kashegarin Kirsimeti a Ingila, mu ne ke zuwa da cincin da soyayyen nama a leda, kafin hutun rabin lokaci babu ko ɓurɓushi.

Babu wanda ya tsara wannan. Babu kwamiti, babu ƙungiyar agaji daga Turai, babu taron ƙara wa juna sani a otal da ake raba alawus. Da kansa ya tsiro, kuma a kan bencin nan da yawanmu muka samu abokan da suka raka mu asibiti, suka zo jana'izar iyayenmu, suka ranta mana kuɗin makarantar yara.

Yanzu mu yi lissafi. Ina da ina suka rage a garin nan inda saurayi Kirista da saurayi Musulmi za su zauna kafaɗa da kafaɗa na awa biyu, ba don ciniki ba, ba don aikin ofis ba? A zamanin iyayenmu makarantar gwamnati ce ke haɗa kowa, aji ɗaya, filin wasa ɗaya, bulala ɗaya. Yau duk mai ɗan hali ya kwashe 'ya'yansa, wannan ya kai makarantar mishan, wancan ya kai ta Islamiyya mai haɗe da boko. Yaro zai gama sakandare bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. A waya ma haka: zaurukan WhatsApp namu daban, nasu daban, kowa na jin labarin ɗan'uwansa daga bakin wanda ba ya ƙaunarsa. Mai neman haya ya fara tambayar su wa suka fi yawa a layin kafin ya tambayi ko akwai ruwa. Abin da ya rage mana bai taka kara ya karya ba: kasuwa, tasha, gidan kallo da filin wasa. Shi ne ake cewa mu ɗauke ƙafa daga biyu a cikin huɗun da hannunmu.

Wanda yake son ya ga ƙarshen wannan hanya ba sai ya yi nisa ba, ya je Kaduna. Bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002, mutane suka yi ta ƙaura, Kirista suka tattara kudancin kogi, Musulmi suka tattara arewa. Kowa ya koma cikin nasa don neman tsira, kuma babu mai ganin laifinsu. Amma a tambayi mutanen Kaduna ko rabuwar ta kawo musu kwanciyar hankali. A tambayi mutanen Jos, inda akwai unguwannin da mai Keke zai ce maka nan ne iyakarsa. Minna ba ta kai nan ba, kuma ba dabararmu ba ce, alherin Allah ne da kuma sabon zama tare. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi, ya kwaso mutane daga ko'ina. A nan aka haifi marubuci Cyprian Ekwensi a 1921, a nan aka haifi Ben Okri a 1959. Tun asali gari ne na haɗuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba a rana ɗaya bango ke tsagewa ba. Da ɗan ƙaramin layi yake farawa, irin wanda aka tafa wa a zaman nan.

Hujja ta farko da aka kawo ita ce tsaro. Ba mu raina ta ba. Mu ma 'yan jihar nan ne. Ba mu manta safiyar Kirsimeti ta 2011 ba, da bom ya tashi a majami'ar St. Theresa da ke Madalla, mutane suna fitowa daga sujada. Ba mu manta Fada Isaac Achi ba, wanda ya tsira a Madalla, aka zo aka ƙone shi a gidansa a Kafin Koro a watan Janairun 2023. Ba mu manta yaran makarantar St. Mary's ta Papiri ba, da aka kwashe a watan Nuwamban 2025. Duk uwar da ta ce ɗanta ya zauna kusa da ita, tana da dalili.

Amma mu faɗi sauran gaskiyar. A watan Mayun 2021, yara fiye da 100 aka kwashe daga makarantar Islamiyya a Tegina, wasunsu ko wanka ba su iya yi wa kansu ba, suka yi kusan wata uku a daji. A Kagara, a watan Fabrairun 2021, ba a tambayi ɗalibai addininsu ba kafin a tasa ƙeyarsu. Mutanen Shiroro da Rafi da Munya da ke gudun hijira a garin nan, akwai masu zuwa masallaci, akwai masu zuwa coci. Ko harin da aka kai gidan kallo a Damaturu ranar 17 ga Yuni 2014, ana kallon wasan Brazil da Meziko, wanda ya dasa bom ɗin bai ware kowa ba. Masu irin wannan aiki sun tsani gidan kallo ne saboda abin da muke yabonsa da shi: wuri ne da mutane ke mance bambancinsu. To don me za mu ƙarasa musu aikin da suka fara?

Sannan a yi tunani da kyau. Wanne ya fi haɗari, matasa hamsin gauraye a rumfar unguwa inda kowa ya san kowa, ko matasa hamsin Kirista zalla a harabar majami'a da ƙarfe goma na dare, ranar wasan Zakarun Turai, ihu na tashi kowa ya san inda suke? Ranar da jita-jita ta tashi a gari, ba katanga ce ke ceton mutum ba. Wayar da aboki zai buga maka ce, ya ce kada ka bi ta hanya kaza, ko ya ce zancen ƙarya ne, ina wurin yanzu. Da yawanmu mun taɓa samun irin wannan waya, kuma mun taɓa bugawa. Lambobin nan a kan benci muka karɓe su. Zumunta a ƙafa take. Wanda ka daina gani, sannu a hankali zai koma labari, labari kuma kowa na iya ƙara masa gishiri.

Hujja ta biyu ita ce lalacewar tarbiyya, musamman caca. A nan iyayenmu sun taɓo ciwo na gaske, sai dai sun bar jaki suna dukan taiki. Caca ba a benci take ba, a aljihu take. Tana cikin wayar da kuka saya wa yaron da kuɗinku. Yaro na iya zama a layin gaba a majami'a, fasto na wa'azi, shi kuwa yana duba ko wasansa ya shigo. Ku kafa talabijin a harabar coci, cacar za ta biyo shi har can, ta zauna a ƙarƙashin gicciye. Kuma ba ta san addini ba. Yadda ta cinye kuɗin makarantar Bitrus haka ta cinye jarin Bala.

Ba za mu wanke kanmu ba. A cikin mu da muka sa hannu a wannan rubutu akwai wanda ya taɓa saka kuɗin hayar gida a wasa ɗaya, yana cewa Allah zai yi. Ya yi azumi a kan takardar caca, ya yi alkawarin zakka idan ta ci. Ba ta ci ba. Wata uku yana ɓuya wa mai gida, matarsa ta kusa komawa gidansu. Abin da ya kamata iyayenmu su sani shi ne, wanda ya zaunar da shi ya yi masa faɗa kamar ƙaninsa, ya karɓi wayarsa ya goge manhajar, ba dattijon ikilisiya ba ne. Wani tela ne Musulmi, ɗan Liverpool, abokin gardamarsa na shekara da shekaru. Mu a coci ba mu ma sani ba, domin a coci kowa da fararen kaya yake zuwa. A benci ne ake ganin fuskar mutum lokacin da ƙwallo ta shiga a minti na 90, a gane cewa wannan baƙin cikin ya wuce na goyon baya. Mun karanta yadda sojoji suka jefa ƙuri'a a kan tufafin Yesu yana rataye a bisa gicciye. Idan ana neman abin yi wa wa'azi, ga shi nan. A yi wa'azi a kan caca da sunanta, a coci da masallaci, a daina laɓewa bayan ƙwallo.

Hujja ta uku ita ce wai ƙwallo gunki ce. Komai na iya zama gunki: kuɗi, siyasa, sarauta, har muƙami a cikin ikilisiya. Ba a ce a daina neman kuɗi ba, cewa aka yi kada a bauta musu. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, da masu tsere da 'yan dambe ya yi misali lokacin da yake koyar da horon kai. Da wasa ƙazanta ne, da bai ɗauko misalin rayuwar bangaskiya daga filin wasa ba. Kuma ƙungiyoyin da ake cewa na Shaiɗan ne, da dama a coci aka haife su. Aston Villa ta fito ne daga matasan wata majami'ar Methodist a Birmingham a 1874. Everton ta fara a 1878 da sunan majami'ar St. Domingo. Manchester City ta samo asali daga cocin St. Mark a 1880. Southampton har yau ana kiransu Waliyyai, filinsu kuma St. Mary's, saboda cocin da ta kafa su. Limaman wancan zamani sun ga matasa na lalacewa da giya da faɗan titi, ba su kulle su a ɗaki ba, sai suka ba su ƙwallo.

Akwai kuma Eric Liddell, ɗan tseren Birtaniya, wanda a gasar Olamfik ta 1924 a birnin Paris ya ƙi shiga tseren mita 100 domin zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi. Ya shiga na mita 400, ya ci zinariya, daga baya ya tafi ƙasar Sin aikin bishara, a can ya rasu a 1945. Mutumin nan bai bar wasa don Allah ba, kuma bai bar Allah don wasa ba. Ya san wanne ne gaba. Wannan shi ne abin da ya kamata a koya wa matasanmu. Mu ma muna karɓar laifinmu a nan. Sujadar safe ba ta karo da wasa, domin wasannin Firimiya na Lahadi sai da rana ake farawa, na gida kuma yawanci ƙarfe 4 na yamma. Amma mun sha zamewa daga zumuntar yamma da koyon waƙa saboda babban wasa. Mun sha shiga gida da fushi mu huce a kan mata da yara domin wasu mutane a Landan, waɗanda ba su san da zamanmu ba, sun ɓarar da fanareti. Wannan zunubi ne, kuma maganinsa tuba da horon kai. Sauya wurin da talabijin yake ba zai taɓa shi ba.

Masu son a raba, su dubi birnin Glasgow a Birtaniya. Wani ɗan ɗariƙar Katolika, Brother Walfrid, ya kafa Celtic a 1887 don a samu kuɗin ciyar da matalauta. Niyya mai kyau. Amma da tafiya ta yi tafiya, Celtic ta zama ta Katolika, Rangers ta zama ta Furotesta, har Rangers ta shafe shekaru da dama tana ƙin ɗaukar ɗan wasan da aka san Katolika ne, sai a 1989 da ta sayi Mo Johnston, wasu magoya bayanta suka ƙona gyalensu don fushi. Dukansu Kirista ne, Littafi ɗaya suke karantawa, amma da aka raba musu benci, sai ƙwallo ta koma makami. An zubar da jini a kan riga kore da riga shuɗiya. Idan haka ta faru tsakanin masu addini ɗaya, me muke tsammani ranar da za a ce a Minna ga gidan kallon Kirista, ga na Musulmi? Ranar da Salah ya ci ƙwallo ya yi sujada ihu ya tashi a wancan, ranar da wani ya ci ya yi alamar gicciye ihu ya tashi a wannan, shi ke nan an gama. Ba Liverpool da Arsenal ake bugawa ba kuma.

'Yan'uwanmu Musulmi, ku ma muna da magana da ku, kuma mun san za ku karɓa domin mun saba gaya wa juna gaskiya. Iyayenmu ba haka kawai suka tsorata ba. Wani lokaci yaro yakan dawo gida ya ce an kira shi arne a gidan kallo, ana dariya. Mai faɗar yana ganin wasa ne, amma uwar da ta ji ba ta ɗauke shi wasa ba. Kalmar nan tana da nauyi a kunnenmu fiye da yadda kuke zato. Haka mu ma muna da marasa linzami a baki, masu kiran abokin gardama Boko Haram don ya ce ƙwallon satar gida ce. Duka biyun ƙazanta ce. Ku tsawata wa naku, mu tsawata wa namu, a wurin, a gaban kowa, ba sai an fita ba. A zagi Arsenal, a zagi alƙalin wasa, a zagi mai janareta idan ya mutu ana shirin bugun fanareti. Amma a bar addinin mutum da iyayensa.

Sai kuma wata sabuwar cuta da muke gani a Facebook duk lokacin da aka fitar da sunayen 'yan Super Eagles: masu ƙirga Musulmi nawa, Kirista nawa. Daga ɓangarorin biyu ake samunsu. Muna tambayarsu: ranar 22 ga Yuni 2018, da Najeriya ta ci Iceland 2 da nema a Rasha, wa ya tsaya ƙirga? Victor Moses ne ya kawo ƙwallon farko daga gefen dama, yaron da ya rasa iyayensa a rikicin Kaduna. Ahmed Musa ne ya tare ta ya zabga a raga, Musulmi haifaffen Jos, wanda mahaifiyarsa marigayiya Kirista ce. Garuruwa biyun da aka sha zubar da jini da sunan addini, su suka haɗu suka ba mu wannan ƙwallo. A daren nan a Minna mun rungumi mutanen da ba mu san sunansu ba. A Atlanta ma a 1996, da muka doke Brazil 4 da 3 sannan Ajantina 3 da 2 muka ɗauko zinariya, Kaduna kaɗai ta ba da Daniel Amokachi da Celestine Babayaro da Garba Lawal da Tijjani Babangida. A filayen ƙura ɗaya suka taso. Da an raba musu fili tun suna yara, da wace zinariya za mu yi alfahari?

Mu dawo gida. Ƙungiyar garin nan, Niger Tornadoes, laƙabinta Ikon Allah Boys. Ku tsaya ku saurari sunan. Babu Kiristan da ke jin Hausa da zai ji shi baƙo, domin Littafi Mai Tsarki na Hausa, tun fassarar 1932, da sunan Allah yake kiran Mahalicci, kuma da shi muke addu'a muke waƙa kowace Lahadi. Babu Musulmin da zai ji shi baƙo. Bambancin da ke tsakanin addinanmu na gaske ne, ba mu ce a shafe shi ba, kuma babu wanda ya taɓa barin bangaskiyarsa don ya zauna a filin Bako Kontagora. Amma idan 'yan wasanmu suka fito, filin ya ɗauka da Ikon Allah, baki ɗaya ake faɗa, kowa da abin da yake nufi a zuciyarsa.

Wannan ƙungiya ce ta ɗauko Kofin Ƙalubale a shekarar 2000, ta doke Enugu Rangers da ci 1 da nema. A 2017 ta sake kaiwa wasan ƙarshe a filin Agege a Legas, aka tashi babu ci, Akwa United ta yi nasara a bugun fanareti. Manyanmu har yau suna ba da labarin yadda gari ya rikice da murna a 2000. Amma mu tambayi kanmu, mu da ke iya lissafo 'yan benci na Chelsea, mutum nawa ne a cikinmu zai iya kawo sunan 'yan wasan Tornadoes biyar? Akwai shekarun da aka ɗauke wasanninmu na gida aka kai Lokoja, aka kai Kaduna, saboda filinmu bai cika sharuɗɗa ba. Ƙungiya ta zama baƙuwa a wasan gidanta. Ba mu ji an kira zaman iyaye a kan wannan ba. Ba mu ji huɗuba ba. Aka rufe mana babban benci na gari shekara da shekaru, muka yi shiru, mu ma da laifinmu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Don haka ga tamu shawarar, a madadin waccan. Kuɗin da za a tara don talabijin, a sayi riguna da ƙwallaye da raga, a kafa gasar unguwanni, da sharaɗi ɗaya: kada a yi ƙungiyar coci ko ta masallaci, kowace ƙungiya ta unguwa ce, a gauraye. Dattawan ikilisiya da limaman unguwa su je tare su zauna da masu gidajen kallo, a yi yarjejeniya: ba shaye-shaye, ba wakilin caca a ƙofa, ba zagin addini, yaran makaranta su tafi gida idan dare ya yi, a sa mai duba masu shiga. Iyaye maza su riƙa raka 'ya'yansu kallo ko da sau ɗaya a wata, su ga su wa ye abokansu. Ranar da Tornadoes ke wasa a gida kuma, bayan an tashi sujada an ci abinci, mu ɗebi yara mu tafi fili, mu sayi tikiti da kuɗinmu, mu daina jiran a buɗe ƙofa kyauta. A garin nan Janar Abdulsalami Abubakar yake zaune, wanda shi da Bishop Matthew Kukah suke jan Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa. Idan manya za su zauna teburi ɗaya don ƙasa, bai kamata mu ƙanana mu kasa zama benci ɗaya don unguwa ba.

Iyayenmu, ku kuka koya mana cewa an kira mu mu zama gishiri. Gishirin da aka ƙulle a leda aka ajiye a kan kanta, don kada ya haɗu da kuka da daddawa, ba ya gyara miyar kowa. Ku kuka koya mana labarin Basamariye, wanda ya nuna cewa maƙwabci ba lalle ne ya fito daga ɗakin sujadarka ba. Ku kuka koya mana yadda annabi Irmiya ya gaya wa mutanensa su nemi lafiyar birnin da suke zaune, domin tasu lafiyar a ciki take. Ba mu zo da sabon abu ba. Abin da kuka shuka ne muke tuna muku. Idan bangaskiyar ɗanku ba za ta iya jure zaman minti 90 kusa da Musulmi ba, to ba bencin ne ke da matsala ba, mu koma mu duba abin da muke koyarwa a makarantar Lahadi.

Idan mun yi kaushin harshe a wani wuri, a gafarce mu. Wanda yake da ja, ga fili nan a ƙasa, ya faɗi tasa da mutunci, za mu amsa. Wanda kuma yake son ya gani da idonsa, ranar Asabar mai zuwa ya zo, za mu biya masa kuɗin shiga, mu matsa masa.

Allah Ya kuɓutar da duk waɗanda ke hannun 'yan bindiga, Ya ta'azantar da waɗanda suka yi rashi, Ya zaunar da Minna da Jihar Neja da Najeriya lafiya. Ya kuma ba Ikon Allah Boys sa'a a wasansu na gaba. Amin.